Godfrey Hounsfield

Sir Godfrey Newbold Hounsfield (28 ga Agusta, 1919 – 12 ga Agusta, 2004) injiniyan lantarki ne ɗan ƙasar Ingila wanda ya ƙera na'urar CT ta farko da aka yi aiki da ita a asibiti. Na'urar ta bai wa likitoci damar ganin cikin ƙwaƙwalwa da hanta da sauran sassan jiki ba tare da an yi tiyata ba. Ya sami Kyautar Nobel a fannin likitanci a shekarar 1979, duk da cewa shi ba likita ba ne.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a ƙauyen Sutton-on-Trent da ke yankin Nottinghamshire, shi ne auta a cikin 'ya'ya biyar. Ya tashi a gonar mahaifinsa, inda ya saba da kwance injuna da harhaɗa kayan lantarki. A shekarar 1939 ya shiga rundunar sojan sama ta Birtaniya, ya koyi aikin rediyo da na'urar hango jiragen sama. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya yi difloma a kwalejin Faraday House da ke Landan, daga nan ya kama aiki a kamfanin EMI, inda ya jagoranci ƙera kwamfutar EMIDEC 1100.

Ƙera na'urar CT

Hoton eksire na gargajiya inuwa ce kawai. Ƙashi yana fitowa sarai, amma sassa masu taushi suna haɗewa wuri guda, sai ƙari ya ɓuya a cikinsu. A shekarar 1967 Hounsfield ya yi tunanin a harba hasken eksire ta kusurwoyi masu yawa, a auna abin da ya ratsa, sannan kwamfuta ta lissafa yadda kowane ɗigo na cikin jiki ya tare hasken. Sakamakon shi ne hoton jiki yanka-yanka, kamar an yanka burodi.

Gwajinsa na farko ya ci kwana tara kafin a gama tattara ma'aunai. Ya ci gaba da gwaji da ƙwaƙwalwar shanu, tare da likita James Ambrose. A ranar 1 ga Oktoba, 1971 aka ɗauki hoton majinyaciya ta farko a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, hoton ya nuna kumburi a ƙwaƙwalwarta. Na'urar farko kai kaɗai take ɗauka. A shekarar 1975 aka fito da wadda ke ɗaukar jiki gaba ɗaya, har da hanta.

Ya raba Kyautar Nobel da Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya wallafa lissafin wannan dabara a 1963 da 1964. Kowannensu ya yi nasa aikin ne daban.

Ma'aunin Hounsfield

Har yau ana karanta hoton CT da ma'aunin da ke ɗauke da sunansa. Ruwa yana kan 0, iska tana kan -1000, ƙashi mai tauri kuma yana kai 1000 ko fiye. Lafiyayyar hanta takan tsaya kusa da 50 zuwa 60, idan kitse ya taru a cikinta lambar sai ta sauka. Da wannan likita ke bambance ƙari da ƙullin ruwa ko kitse.

CT da MRI a binciken dajin hanta

Cutar dajin hanta ta yawaita a Afirka ta Yamma, musamman saboda ciwon hanta nau'in B da gubar aflatoksin da ake samu a gyaɗa da masarar da suka yi funfuna. Domin gano ta, ana yi wa majinyaci allurar ruwa mai haskaka jijiyoyin jini, a ɗauki hoto sau da dama a jere. Ƙarin daji yakan yi haske da wuri fiye da sauran hanta, daga baya ya dushe. A wurin wanda hantarsa ta riga ta lalace, wannan alama takan isa a tabbatar da cutar ba tare da an yanko tsoka ba.

Na'urar MRI, wadda Paul Lauterbur da Peter Mansfield suka sami Nobel a kanta a 2003, tana bin wannan hanya amma da maganaɗisu da igiyar rediyo. Ta fi CT gano ƙananan ƙari, musamman waɗanda ba su kai santimita 2 ba, kuma ba ta da hasken eksire. Sai dai ta fi tsada, ta fi jan lokaci, kuma ba ta dace da masu wasu ƙarafa a jiki ba. CT ta fi sauri, ta fi samuwa, kuma ana amfani da ita wajen duba ko cutar ta kai huhu. A arewacin Najeriya na'urorin sun fi yawa a manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Ƙarshen rayuwa

A shekarunsa na baya Hounsfield ya juya ga binciken ɗaukar hoto da maganaɗisu. An ba shi lambar girma ta Sir a 1981. Bai taɓa aure ba. Ya mutu a Kingston upon Thames yana da shekara 84.