Tom Simpson, Gwanin Tseren Keke Na Ingila

An haifi Tom Simpson ran 30 ga watan Nuwamba, 1937, a wani ƙauye da ake kira Haswell, can arewacin Ingila. Shi ne auta cikin 'ya'ya shida, ubansu kuwa ma'aikacin ramin kwal ne. Cikin 1950 suka ƙaura zuwa Harworth, wani garin mahaƙa, nan ne yaron ya shiga jam'iyyar masu tseren keke yana ɗan shekara 13. Da ya bar makaranta sai ya kama koyon zane a wata ma'aikata da ke Retford, mil 10 daga gida, ya mai da zuwa da komowa horon ƙafafunsa.

Abin da ya fara fito da sunansa shi ne tseren da ake yi mutum huɗu huɗu. Ga yadda ake yinsa. Filin kewayayye ne, an ɗaga kusurwoyinsa sun yi gangare kamar cikin akushi. Ƙungiya biyu ke karawa, wannan ta tashi daga wannan gefe, waccan daga wancan, kowace tana bin bayan 'yar'uwarta har mita 4,000, watau wajen mil biyu da rabi. Mutanen huɗu jeruwa suke yi, tayar wannan kamar ta taɓa ta wancan, domin na gaba shi ke keta iska, sauran suna fakewa da shi. In ya ja su ɗan lokaci sai ya haura gangaren, na biyu ya karɓa, shi kuwa ya sauko ya kama wutsiya ya huta. Kuma ba da isowar na farko ake auna lokaci ba, sai da ta na uku. Saboda haka ƙaƙƙarfan da bai san awon ƙarfinsa ba yana iya jawo wa 'yan'uwansa hasara daidai da rago.

A watan Disamba na 1956 Simpson ya tsaya wa ƙasarsa a wasannin Olamfik na Melbourne, a Ostareliya, tare da Donald Burgess da Michael Gambrill da John Geddes, bai fi 'yan kwanaki da cika shekara 19 ba. Italiyawa suka kayar da su a karon kusa da na ƙarshe, su ne kuwa suka ci lambar zinariya. Ingilishi suka rinjayi Afirka ta Kudu, suka sami ta tagulla. Simpson ya ɗora wa kansa laifin faɗuwar, don da layi ya zo kansa ya ja fiye da kima, har ya kasa farfaɗowa kafin ya sake zagayowa. Mun ɗan daɗe kan wannan ne domin a ganinmu halin mutumin duka yana nan.

Cikin 1959 ya haye Faransa da fam 100 da kekuna biyu, ya mai da tsere sana'a, a lokacin da mutanen can ba su ɗauki Ingilishi a bakin kome ba wajen keke. Bai jima ba ya sake musu tunani. Ya ci babban tseren Flanders na Baljiyam cikin 1961. Cikin 1962 ya zama Ba'ingilishi na farko da ya sa rawayar rigar nan ta wanda ke kan gaba a tseren kewaya Faransa, ko da yake kwana ɗaya ta yi a jikinsa. Ya ci na Bordeaux zuwa Faris cikin 1963, mil 300 da ɗoriya a zama guda, da na Milan zuwa San Remo cikin 1964, sa'an nan cikin 1965, a San Sebastian ta ƙasar Sifen, ya zama zakaran duniya.

Amma fa abincin mai wannan sana'a yana rataye ne ga sunan da ya yi a tseren kewaya Faransa, shi kuwa ya karya ƙafa a farkon 1966, shekarar ta tafi a banza. Don haka ya shiga na 1967 da niyyar ko ta halin ƙaƙa. Ciwon ciki ya kama shi a duwatsun Alps, bai janye ba. Ran 13 ga Yuli aka tashi daga Marseille cikin zafin rana mai tsanani, aka nufi dutsen Ventoux, wanda ya ɗara ƙafa 6,000, samansa farin tsakuwa ne ba itace ba inuwa. Dokar zamanin ta hana a miƙo wa mahaya ruwa daga motocin da ke biye, sai abin da suka warto a shagunan bakin hanya. Shi barasa ya samu. A hawan dutse kuwa babu wutsiyar da mutum zai koma ya huta. Saura kamar mil guda ya kai ƙoli ya fara tangaɗi, ya faɗi. Ya nemi a ɗora shi, aka ɗora shi, ya yi wajen yadi 500 ya sake zubewa, hannuwansa ƙam a kan kan keken. Likitan tseren, Pierre Dumas, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, aka ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu zuwa asibitin Avignon, can aka tabbatar ya rasu. Shekararsa 29, ya bar mata da 'ya'ya mata biyu.

An sami ƙwayar amfetamin a aljihun rigarsa da cikin jininsa, ƙwayar da ke ɓoye wa mutum gajiya har jiki ya wuce iyakarsa bai sani ba. Ba mu wanke shi ba, amma ba daidai ba ne a ɗora masa laifin shi kaɗai, gama abin ya zama ruwan dare a cikinsu. Ko cikin 1966, da aka fara auna su a wannan tsere, sauka suka yi suka tura kekunansu a ƙasa don nuna fushi.

Kashegari mahaya suka bar wani Ba'ingilishi, Barry Hoban, ya ci zangon ranar. Aka binne Simpson a Harworth. Cikin 1968 aka soma auna 'yan wasa a Olamfik. A gefen hanya, daidai inda ya faɗi, an kafa dutse da sunansa, masu hawa da keke sukan tsaya su ajiye hula ko gorar ruwa.