Karl Jansky: Injiniyan da ya bi sawun wata ƙara har zuwa tsakiyar taurari

Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo yana neman tasha a gajeren zango ya san ƙarar nan ta shuu da ke cika kunne tsakanin tasha da tasha. Galibin mutane wucewa suke yi, domin a wurinsu hayaniya ce kawai. Marigayi Karl Jansky kuwa ya shafe fiye da shekara guda yana bin diddigin irin wannan ƙara, har ya gano cewa wani ɓangare nata ba daga duniyar nan yake fitowa ba. Da wannan ne ya buɗe ƙofar sabon fanni na ilimi, wato nazarin sararin samaniya ta hanyar igiyoyin rediyo.

An haifi Karl Guthe Jansky ranar 22 ga Oktoba, 1905, a garin Norman da ke Oklahoma ta ƙasar Amurka. Mahaifinsa malamin jami'a ne a fannin injiniya, kuma daga baya ya koma koyarwa a Jami'ar Wisconsin. A can ne Karl ya yi karatu, ya sami digiri a kimiyyar fiziks a 1927. A shekarar 1928 ya nemi aiki a cibiyar bincike ta kamfanin tarho na Bell, sai dai gwajin lafiya ya nuna yana fama da ciwon ƙoda. Yayansa Cyril, wanda ya riga ya yi suna a harkar rediyo, shi ne ya sa baki har aka ɗauke shi, aka tura shi tashar gwaji ta kamfanin da ke karkarar jihar New Jersey.

Aikin da aka ba shi na kasuwanci ne tsantsa. A 1927 aka buɗe layin tarho ta rediyo tsakanin New York da Landan, kuma kiran minti uku yana cin dala 75, kuɗi mai yawan gaske a wancan zamani. Wanda ya biya wannan kuɗi ba zai yarda hayaniya ta cinye masa magana ba. Don haka aka umarci matashin injiniyan ya gano daga ina hayaniyar take zuwa, da kuma lokutan da ta fi tsananta.

A Holmdel, Jansky ya haɗa wata eriya ta bututun ƙarfe da katako, mai tsawon kusan mita 30, wadda ke kama zangon mita 14.6. Ya ɗora ta a kan tayoyi huɗu na tsohuwar mota ƙirar Ford Model T, inji yana juya ta zagaye ɗaya cikin kowane minti 20. Wani alƙalami na na'ura yana zana ƙarfin ƙarar a kan doguwar takarda dare da rana. Ta haka yake sanin ƙarfin kowace ƙara da kuma kusurwar da ta fito.

Bayan watanni yana tattara bayanai, ya kasa hayaniyar gida uku. Ta farko daga tsawar hadarin da ke kusa take, ta biyu daga tsawar hadari mai nisa. Ta ukun ita ce ta ɗaure masa kai: wata siririyar ƙara ce marar yankewa, mai rauni ƙwarai, wadda da ƙyar ake bambanta ta da ƙarar na'urar kanta. Ba ta hana kowa jin magana a tarho, saboda haka da ya yi watsi da ita ma babu mai zarginsa. Amma ya lura cewa kusurwar da take fitowa tana kewaya sama sau ɗaya a kowace rana, kamar abin da ke fitowa daga gabas ya faɗi yamma.

Da fari ya zaci rana ce tushenta, domin a lokacin ƙarar tana tafiya tare da ita. Da watanni suka shuɗe sai ya ga sun rabu, ƙarar tana riga rana isowa da kusan minti huɗu a kullum. Minti huɗu ba komai ba ne a ido, amma idan aka tara su sai su zama sa'a biyu a wata, kuma kwana guda cur a shekara. Haka nan da aka yi kusufin rana a ƙarshen Agustan 1932, ƙarar ba ta ragu ba. Abokin aikinsa Melvin Skellett, wanda ya karanci ilimin taurari, shi ne ya nusar da shi cewa sa'a 23 da minti 56 shi ne tsawon lokacin da taurari ke ɗauka kafin su dawo inda suke a sama. Ashe abin da yake saurare yana can nesa, bayan rana da dukan duniyoyin da ke kewaya ta.

Da ya auna kusurwar da taswirar sama, sai ta faɗa a burujin Ƙausu, wanda Turawa ke kira Sagittarius. Nan ne tsakiyar babban gungun taurarin da ranarmu take ciki, wato farar hanyar nan mai kama da hayaƙi da ake gani ta ratsa sama a daren da babu farin wata. Ya gabatar da sakamakon a wani taro a birnin Washington cikin Afrilun 1933, ranar 5 ga Mayu kuma jaridar New York Times ta buga labarin a shafinta na farko. Kwanaki kaɗan bayan haka wani gidan rediyo ya sanya wa jama'ar Amurka ƙarar suka ji da kunnensu.

Sai dai shaharar ba ta daɗe ba. Jansky ya so a gina masa babbar eriya mai siffar faranti domin ya zurfafa bincike, amma kamfanin ya riga ya sami amsar da yake nema, ga kuma matsin tattalin arzikin da ya addabi duniya a shekarun 1930. Masana taurari na lokacin kuwa da madubin hangen nesa suka saba, ba su san kan na'urorin rediyo ba. Aka mayar da shi ga wasu ayyuka, kuma bayan 'yan rubuce-rubucen da ya ƙara a kan batun, bai sake samun damar komawa gare shi ba.

Wanda ya ɗauki aikin daga inda ya tsaya wani matashi ne mai sha'awar rediyo a matsayin abin debe kewa, Grote Reber. A 1937 ya gina faranti mai faɗin kusan mita 9 a bayan gidansu da ke Wheaton ta jihar Illinois, da kuɗin aljihunsa. Sau biyu yana gwada zango daban-daban bai ji komai ba, a na uku ya dace. A 1944 ya wallafa taswirar sama ta rediyo, wadda ta tabbatar da abin da Jansky ya gano.

Ciwon ƙodar bai taɓa sakin Jansky ba. Ya rasu ranar 14 ga Fabrairu, 1950, a Red Bank da ke New Jersey, yana da shekara 44, daidai lokacin da fannin da ya assasa ya fara bunƙasa a Ingila da Ostareliya. Bai sami wata babbar lambar yabo ba a rayuwarsa. A yankin Holmdel ɗin nan ne wasu ma'aikatan Bell biyu, Arno Penzias da Robert Wilson, suka ci karo da wata ƙarar da su ma suka ƙi yin watsi da ita, kuma ta kai su ga lambar Nobel a 1978.

A 1973 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta sanya sunansa ga ma'aunin ƙarfin igiyoyin rediyo da ke zuwa daga sama, ana kiransa jansky. A 2012 kuma aka raɗa wa babbar cibiyar nan mai faranti 27 da ke jihar New Mexico sunansa. A yau masana sun tabbatar cewa a kusurwar da eriyarsa ta nuna, a nisan da haske ke ɗaukar kimanin shekara 26,000 kafin ya ratsa, akwai wani baƙin rami mai nauyin rana kusan miliyan huɗu.