Belding Scribner: likitan da ya samar wa injin wankin ƙoda hanyar shiga jini

Kafin shekarar 1960, wanda ƙodarsa ta mutu gaba ɗaya sai dai a jira masa lokaci. Injin wankin ƙoda yana nan tun wanda likitan ƙasar Holan, Willem Kolff, ya haɗa a 1943, amma kowane wanki sai an tsaga fata an cusa bututun gilashi cikin jijiyoyin jini, in an gama a ɗaure su. Jijiyar da aka taɓa ta tafi ke nan. Bayan wanki kaɗan sai a nemi inda za a sa bututu a rasa.

Wannan ce matsalar da Belding Scribner ya sa a gaba. An haife shi a Chicago ta Amurka ranar 18 ga Janairun 1921, ya gama karatun likita a jami'ar Stanford a 1945, ya kama aiki a Jami'ar Washington da ke Seattle a 1951. Dabarar ta faɗo masa ne cikin dare: a bar bututu biyu a hannun majinyaci, ɗaya a jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, ɗaya a wadda ke mayar da shi. In an gama wanki, sai a haɗa bakunansu a waje da ɗan lanƙwasasshen bututu, jini ya ci gaba da zagayawa, tunda wanda ya tsaya shi ke daskarewa. Injiniya Wayne Quinton ya ƙera shi da robar Teflon, likitan tiyata David Dillard ya dasa.

Ranar 9 ga Maris 1960 aka sa wa Clyde Shields, ma'aikacin kamfanin jiragen sama na Boeing. Ya ƙara shekara 11 a duniya.

Sai dai bututun ya zo da nasa wahalhalun. Gudan jini kan toshe shi, wani lokaci tsakar dare. Inda ya huda fata ƙwayoyin cuta kan samu ƙofa, su shiga jini. In mahaɗin ya kwance ba a lura ba, mutum na iya zubar da jini har ya mutu. Da yawa bayan 'yan watanni sai an sake musu wuri. A 1966 James Cimino da Michael Brescia da Kenneth Appel a New York suka fito da hanyar ɗinke jijiyoyin biyu a ƙarƙashin fata, wadda likitoci ke kira fistula (ba ta da alaƙa da yoyon fitsari). Ita ta ture bututun Scribner, ita ce kuma aka fi so har gobe, ko da yake takan ƙuntace, ko ta toshe, ko ta kumbura, kuma sai ta yi makonni kafin ta ƙosa. Shi ya sa a asibitocin yankinmu wanda ya zo a makare yakan fara da roba a wuya ko a cinya, wadda ta fi saurin jawo cuta.

Wata wahalar kuma ta rashin isassun injuna ce. Cibiyar da ya taimaka aka buɗe a Seattle a 1962 da gado uku ta fara, masu nema sun yi yawa, har aka naɗa kwamitin mutanen gari da aka ɓoye sunayensu don su zaɓi waɗanda za a yi wa wanki. Labarin da mujallar Life ta buga a kai ya tayar da ƙura, kuma sai a 1972 Amurka ta yi dokar ɗaukar nauyin wankin.

Scribner ya zauna a gidan da ke kan ruwa, yakan tuƙa kwalekwale zuwa aiki. A 2002 aka ba shi lambar yabo ta Lasker tare da Kolff. Ranar 19 ga Yunin 2003 aka tsinci gawarsa a ruwa kusa da gidan, yana da shekara 82.