Clive Sullivan: Yaron Da Likitoci Suka Ɗebe Wa Tsammanin Tafiya

Jama'a, a wannan fitowa mun ɗan kauce daga ƙwallon ƙafa da muka saba kawo maku, mun leƙa wasan zari-ruga, wanda Turawa ke ce wa ragbi. Ga wanda bai taɓa gani ba, ƙwallon ba zagayayye ba ne, siffar ƙwai gare shi, da hannu ake rungumarsa a ruga, abokan hamayya kuma su yi ta ƙoƙarin kayar da mutum. Wanda ya tsallake layin ƙarshe ya dangwara shi a ƙasa, to ya ci, shi ne suke kira tirai. Wasan iri biyu ne tun 1895, lokacin da kulob-kulob na arewacin Ingila suka ɓalle saboda an hana su biyan leburori kuɗin aikin da suke rasawa ranar wasa. Na 'yan arewan, mai mutum 13 a kowane ɓangare, shi ne Lig, kuma a cikinsa mutumin namu ya yi suna.

An haifi Clive Sullivan ran 9 ga Afrilu, 1943, a unguwar Splott ta birnin Kadif, ƙasar Wales. Baƙar fata ne, mahaifinsa mutumin Jamaika. Tun yana ƙarami aka yi ta yi masa aiki a gwiwoyi da ƙafafu da kafaɗu, har likitoci suka yi zaton ba zai taɓa tafiya daidai kamar sauran yara ba. Da ya bar makaranta ya ɗan taɓa kanikanci, daga nan ya shiga soja, aka tura shi barikin Catterick a Yorkshire. A nan ne aka gano ashe yaron barewa ne wajen gudu.

Kulob ɗin Bradford Northern ya gwada shi, bai ɗauke shi ba. Hasararsu kenan. Hull suka ba shi dama a Disamba 1961, ya ci tirai 3 a wasan farko, washegari suka sa masa hannu. Mai horar da Hull a lokacin, Roy Francis, shi ma baƙar fata ne daga Wales. Ba abin mamaki ba ne, don a zamanin baƙaƙen yaran Kadif sun san ƙofar ƙungiyar ƙasarsu a ɗaya nau'in wasan a rufe take gare su, sai su nufi arewacin Ingila, kamar yadda Billy Boston ya tafi Wigan a 1953. Mu da muka bar gida muka zo Kurmi neman abinci, ai ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Farkon dai da wahala. Ga aikin soja, ga aikin gwiwa har sau 3, sannan a Oktoba 1963 ya yi mummunan haɗarin mota, saura kaɗan ya rasa ransa. Wata 3 kacal ya dawo fili. Da ya bar soja a 1964 sai abin ya kankama. A gefen fili yake wasa, kuma in ya sami sarari, to sai dai a bi shi da kallo. A Afrilu 1968 ya ci wa Hull tirai 7 shi kaɗai a karawarsu da Doncaster. Jimilla ya buga masu wasa 352, ya ci 250.

Birtaniya ta fara kiransa a 1967. A 1972 aka ba shi kyaftin, ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci ƙungiyar Birtaniya a wani babban wasa, ya kai su gasar cin Kofin Duniya a Faransa. Duk wasa 4 da suka buga sai da ya ci. Na ƙarshen, da Ostireliya a birnin Liyon ran 11 ga Nuwamba, shi ne ba a mantawa. Ostireliya na gaba, ƙwallo ya suɓuce masu can kusa da gidan Birtaniya, Sullivan ya sure shi ya bi gefen layi, kusan tsawon fili gaba ɗaya, babu wanda ya cim masa. An tashi 10 da 10, aka ƙara minti 20 ba ci, sai aka ba Birtaniya kofin don ita ta fi maki a zagayen farko. Abin takaici, 'yan kallo ba su wuce 4,000 da 'yan kai ba, ya kuma dawo gida ba wata gagarumar tarba. A ganinmu an rage masa haƙƙinsa. Tun daga ranar kuwa Birtaniya ba ta sake ɗaga wannan kofi ba.

To, a 1974 sai ya yi abin da ya girgiza gari. Kogi ne ya raba birnin Hull biyu: yamma na Hull masu baƙi da fari, gabas na Hull Kingston Rovers masu ja da fari, kuma ba sa ga-maciji. Sullivan ya tsallaka gabas. A can ya ci tirai 118 a wasa 213, suka ɗauki gasar lig a 1979, sannan a 1980 a filin Wembley suka doke tsohon kulob ɗinsa 10 da 5 a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale. Kowa ya ɗauka ya gama. Ina! Bayan ɗan zama a Oldham ya koma Hull, kuma a 1982, yana da shekara 39, aka sa shi a maimaicin wasan ƙarshe da Widnes a birnin Leeds, suka ci 18 da 9. Kofi ɗaya, ya ɗaga da rigar gabas, ya ɗaga da ta yamma.

Ciwon daji ya kama shi jim kaɗan bayan ya ajiye wasa, ya rasu ran 8 ga Oktoba, 1985, yana da shekara 42. Magoya bayan ɓangarorin biyu duk sun fito rakiyar gawarsa. Babbar hanyar da ta taso daga wajen gadar Humber ta shiga tsakiyar Hull an sa mata sunansa. Ɗansa Anthony ya gaje shi a gefen fili, ya yi wa St Helens da Birtaniya wasa. Garinsu Kadif kuwa sai a 2023 ya kafa masa mutum-mutumi a bakin ruwa, tare da na Billy Boston da Gus Risman.