Likita Mila na Zariya, Wanda Ya Ba Mu Littafin Duka

A zangon karatu na biyu wani ɗalibi na aji biyar ya bi ni har gida a Gyallesu, fuskarsa ba walwala. Ya nuna mini wata 'yar takarda da aka ba shi a tashar mota, an jera ayoyin Littafi Mai Tsarki bibbiyu, wai kowace tana ƙaryata 'yar'uwarta game da halin Allah. Wata ta ce Allah ya yi nadama, wata ta ce ba ya nadama. Wata ta ce Musa ya yi magana da Allah fuska da fuska, wata ta ce ba wanda ya taɓa ganinsa. Yaron ya yi kwana uku bai iya yin addu'a ba. Abin da ya sa ke nan na ga ya kamata bana in ba ku tarihin mutumin da ya sha wahala domin mu sami waɗannan ayoyi da Hausa, wato Likita Walter Miller, wanda iyayenmu ke kira Likita Mila.

An haife shi a shekara ta 1872 a yankin Debon na ƙasar Ingila. Ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya ba da kansa ga ƙungiyar mishan ta C.M.S. Kafin ya taka ƙasarmu sai da ya tafi Tarabulus, can Arewacin Afirka, inda fatake da mahajjata Hausawa ke yada zango, ya zauna yana koyon harshe daga bakinsu. A can ya haɗu da wani yaro Bahaushe, Abdul Majid, wanda daga baya ya zama na hannun damarsa.

A 1900 Bishop Tugwell ya jagoranci ayarin mutum biyar zuwa Kano, Mila yana cikinsu. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya umarce su su bar gari cikin 'yan kwanaki. Suka juyo ƙasar Zazzau, Sarki Kwasau ya bar su suka zauna a Girku. A nan ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu, sauran kuwa ciwo ya yi ta kayar da su. Da wani ne, da ya tattara ya koma gida. Mila ya daure, har a 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta.

Ku tuna irin garin da ya shiga. Zariya gari ne na malamai, masu karatu da muhawara, waɗanda ba a yi musu rufa-rufa a kan maganar Allah. Duk wanda ya zo da wani littafi a irin wannan wuri, tilas a tambaye shi ko Allahnsa ɗaya ne ko uku, da kuma yadda za a ce Allah yana da Ɗa. Mila ya zauna fiye da shekara ashirin a tsakiyar waɗannan tambayoyi. Babbar amsarsa ita ce ya sa littafin duka a hannun mutane da harshensu, ya kuma koya wa yara karatu, domin kowa ya duba da idonsa.

A 1913 wasu mutane suka zo wurinsa daga cikin Isawa, almajiran Malam Ibrahim, wani malamin Kano wanda aka kashe a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa game da Annabi Isa. Da yawansu suka karɓi bishara, aka kafa musu gari a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa wa garin, ya kashe mutane da yawa, aka kwaso yaran da suka tsira zuwa makarantar Zariya. A 1929 aka tashi mishan daga cikin birni zuwa Wusasa. Shi Mila ya koma Kano ya duƙufa a kan fassara.

Ba shi ne farkon mai fassara ba. Tun a ƙarni na 19 wani Bajamushe, Schön, ya juya sassa da yawa zuwa Hausa. Amma Mila ne, tare da Hausawa masu bi da ma'aikatan wasu ƙungiyoyin mishan, ya ja aikin har ƙarshe. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, daga Farawa zuwa Ru'ya ta Yohanna. Sabuwar fassarar da yawancinmu muka tashi da ita ta fito a 1979.

To, a nan ne tarihinsa ya taɓa takardar ɗalibina. Mai fassara ba ya iya tsallake aya. Kowane wuri mai wuya sai ya tsaya a kansa ya nemi kalmar da ta dace. Da Mila da abokan aikinsa suna ganin waɗannan ayoyi abin kunya ne, da sun goge ɗaya ko sun lanƙwasa ta. Ba su yi haka ba, sun bar kowace a inda take. Bari mu duba su yadda na duba da yaron.

Maganar nadama tana cikin 1 Sama'ila sura 15. Aya ta 11 da ta 35 sun nuna Ubangiji ya yi baƙin cikin naɗa Saul sarki, aya ta 29 kuwa ta nuna shi ba mutum ba ne da zai sake tunani. Kalma ɗaya ce a Ibrananci, sura ɗaya, labari ɗaya. Marubucin bai manta abin da ya rubuta ba cikin 'yan layuka. Nadamar mutum daga rashin sani take, shi ya sa muke cewa da na sani ƙeya ce. Allah ba ya kuskure balle ya ce da na sani. Abin da ake nufi shi ne zunubin mutum yana ɓata masa rai ƙwarai, kuma yadda yake bi da mutum yana sakewa idan mutumin ya sake. Irmiya 18:7-10 ya shimfiɗa wannan ka'ida a fili, labarin Yunusa da mutanen Nineba kuma ya nuna ta a aikace. Rana ɗaya ce ke narkar da man kaɗe, ita ce kuma ke ƙeƙasar da tubali, ranar ba ta sake ba.

Haka maganar ganin Allah. Fitowa 33:11 da 33:20 su ma a sura ɗaya suke. Ta farko tana bayyana kusancin Musa da Ubangiji, yadda aboki ke zance da aboki ba ɗan aike a tsakani. Ta biyu tana nuna ɗan Adam ba zai iya ɗaukar cikar ɗaukakar Allah ya rayu ba, abin da Yahaya 1:18 ya tabbatar. Mu ma mukan ce ɓarawo ya shiga hannun hukuma, ba wanda ke neman ya ƙirga yatsun hukuma. Littafin yana magana da mu da harshen da muke ji.

Game da ɗayantakar Allah kuwa, Maimaitawar Shari'a 6:4 ta koyar da ita, Yesu da kansa ya maimaita ta a Markus 12:29. Kirista ba ya bauta wa alloli uku, ba ya kuma cewa Allah ya yi aure ya haihu. Luka 1:35 ya nuna haihuwar Almasihu da ikon Ruhu Mai Tsarki ce. Mun gaskata Allah ɗaya ya bayyana kansa Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ba na ce muku hankalina ya kewaye wannan asiri ba. Tulu ba ya ɗauke kogi. Amma abin da ya fi ƙarfin hankali daban yake da abin da ya ƙaryata kansa.

Mila mutum ne, yana da nasa aibi. Yana da kaifin harshe, ya yi ta sukar sarakuna da Turawan mulki, zamansa da Sarki Aliyu ma bai ƙare da daɗi ba. Littattafan da ya rubuta da Turanci a 1936 da 1947 suna ɗauke da wannan zafi. Kada mu koyi wannan wajen magana da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su, muke zuwa suna da jana'izar juna. Wasiƙar Bitrus ta fari 3:15 ta gargaɗe mu mu ba da amsa da tawali'u da ladabi.

Duk da haka itacen da ya dasa ya yi 'ya'ya. Daga makarantarsa aka sami Likita R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa. Daga jama'ar Wusasa aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon. Mila ya bar aikin C.M.S. a 1935, amma zuciyarsa ta dawo da shi Nijeriya, ya rasu a Bukuru kusa da Jos a 1952, yana da shekara 80.

Ɗalibin nan ya karanta surori biyun nan daga farko har ƙarshe a zauren gidana, ya ninke takardarsa ya tafi. Washegari na hango shi a wurin addu'ar safe. Ya ku ɗalibai, musamman ku masu fita bana, za a miƙa muku irin wannan takarda wata rana. Kada ku ji tsoro, kada ku yi fushi da wanda ya ba ku. Ku buɗe surar ku karanta ta duka, ku tambayi malamanku da fastocinku, sa'an nan ku amsa da ladabi. Allah ya ba mu fahimtar Maganarsa. Amin.