John Paton, Mai Haƙa Rijiya a Tsibirin Aniwa

An haifi John Paton a ƙasar Sikotland cikin shekara ta 1824. Ubansa masaƙin safa ne, matalauci, amma mai yawan addu'a. Paton ya yi shekara 10 yana wa'azi a unguwannin talakawa na birnin Gilasgo, yana kuma karatun Littafi Mai Tsarki da na magani.

A 1858 ya ɗauki amaryarsa Mary, suka shiga jirgin ruwa zuwa tsibiran New Hebrides cikin Tekun Fasifik, waɗanda tun 1980 ake kira Vanuatu. Suka sauka a tsibirin Tanna. Ba su cika wata 5 ba Mary ta rasu bayan haihuwa, jaririn kuma ya bi ta. Paton ya haƙa kabarinsu da hannunsa. Ya zauna yana koyon harshen mutanen, yana fama da zazzaɓi, har 1862, sa'anda ya tsere da ransa da ƙyar.

Bai fid da zuciya ba. A 1866 ya sauka a wani ƙaramin tsibiri, Aniwa, tare da matarsa ta biyu, Margaret. A can babu kogi, babu rijiya, sai ruwan sama da na kwakwa. Paton ya ɗauki diga ya fara haƙa. Mutane suka zaci ya haukace, gama a saninsu daga sama kaɗai ruwa ke zuwa. Da zurfi ya wuce ƙafa 30, sai ga ruwa. Tsohon sarkinsu Namakei ya sha, ya shaida ikon Allah a gaban jama'a, mutane kuwa suka fara kawo gumakansu a ƙone. A 1869 aka yi wa mutum 12 baftisma. A 1899 aka buga Sabon Alkawari cikin harshen Aniwa. Paton ya rasu a Ostireliya cikin 1907.

Mu da muka san wahalar ruwa da rani, mun san ba a samun rijiya a sara ɗaya. Idan Ubangiji ya kai ɗayanmu baƙuwar ƙasa domin aiki ko karatu, kada shekarun farko su karya masa zuciya. Ya koyi harshen mutanen, ya duba abin da suke bukata, ya sa hannu. Mu kuwa da ke gida, kada mu daina yi masa addu'a.