James Watt: Shekara goma sha ɗaya yana fama da yoyon tururi

An haifi James Watt a garin Greenock na ƙasar Sikotland a watan Janairun 1736. Mahaifinsa maƙerin jiragen ruwa ne kuma ɗan kasuwa. A 1755 ya tafi Landan, ya yi shekara guda yana koyon ƙera kayan awo, sannan ya dawo gida, Jami'ar Glasgow ta ba shi ɗaki a harabarta inda yake gyara mata kayan gwaje-gwaje.

A wannan ɗaki ne, cikin hunturun 1763 zuwa 1764, aka kawo masa wani ɗan ƙaramin injin tururi da ake koyar da ɗalibai da shi. Samfuri ne na injin Thomas Newcomen, wanda tun 1712 ake janye ruwa da shi daga ramukan haƙar ma'adinai. A irin wannan inji, tururi ke cika silinda, sai a fesa ruwan sanyi a ciki, tururin ya koma ruwa ya bar gurbi marar iska, nauyin iskar waje ya danno fistin ƙasa. Watt ya gyara samfurin, amma da fistin ya yi 'yan motsi kaɗan sai tururi ya ƙare. Da ya auna, ya gano cewa mafi yawan zafin yana tafiya ne wajen sake dumama silindar da aka sanyaya.

Mafita ta zo masa wata ranar Lahadi a 1765, yana yawo a filin Glasgow Green: a bar silinda da zafinta, a ja tururin ta bututu zuwa wani mazubi daban, can a sanyaya shi. Littattafan makaranta galibi nan suke tsayawa, alhali nan wahalar ta fara.

Injin Newcomen yana yafe wa maƙeri kuskurensa. Ana zuba ruwa a kan fistin, ruwan ya toshe duk giɓin da ke tsakaninsa da bangon silinda. Watt kuwa ba shi da wannan dama, domin ruwan zai sanyaya abin da yake so ya zauna da zafi. Dole fistin ya zauna daram, dole kowace mahaɗar bututu ta hana tururi fita, ta kuma hana iska shiga, don iska kaɗan ta isa ta lalata gurbin da injin ya dogara da shi. Maƙeran zamanin ba su iya fitar da silinda mai daidaitaccen zagaye ba. Watt ya cusa abin toshe kwalba, ya cusa tsumma mai mai, da takarda, da guntayen tsohuwar hula, har da kashin doki, tururi bai daina tsiyaya ba.

A 1769 ya samu takardar mallakar fasaharsa da taimakon John Roebuck, mai hannun jari a masana'antar ƙarfe ta Carron, wanda ya biya masa bashi ya karɓi kashi biyu cikin uku na haƙƙin. Injin gwajin da suka kafa a Kinneil bai yi abin kirki ba. Watt ya koma aikin safiyo, yana auna hanyoyin da za a haƙa wa jiragen ruwa, don ya ciyar da iyalinsa. Roebuck ya karye, kuma a 1773 matar Watt ta farko, Margaret Miller, ta rasu wajen haihuwa.

Matthew Boulton, mai masana'antar Soho a Birmingham, shi ya karɓi kason Roebuck, Watt ya koma can a 1774. A shekara ta gaba majalisar dokokin Birtaniya ta tsawaita masa haƙƙin mallaka har zuwa 1800. Amma wanda ya warware matsalar yoyo maƙerin igwa ne, John Wilkinson, wanda ya ƙirƙiro na'urar huda ƙarfe mai tafiya a miƙe. Boulton ya shaida cewa a silinda mai faɗin inci 50 da Wilkinson ya huda, kuskuren bai kai kaurin tsohon sule ba. Ɗan giɓin da ya rage aka cike da igiyar da aka jiƙa da kitse. A 1776 injinan farko suka fara aiki, ɗaya a mahaƙar kwal ta Bloomfield, ɗaya a maƙerar Wilkinson kansa. Daga baya William Murdoch, wanda ya shiga kamfanin a 1777, ya haɗa garin ƙarfe da gishirin amoniya ya samar da wani siminti da ke yin tsatsa a cikin mahaɗar bututu ya liƙe ta ƙam.

Masu ma'adinai a Cornwall, inda kwal ke da tsada, su suka fi saye, kamfanin yana karɓar sulusin kuɗin kwal ɗin da injin ya rage musu. Wannan tsari ya jawo gaba da shari'u. A nan akwai abin zargi ga Watt: mutumin da ya sha wuya a hannun yoyo bai taɓa amincewa da tururi mai ƙarfin matsi ba, yana tsoron fashewar tukunya, kuma ya tsare haƙƙinsa da tsanani. Sai bayan 1800 irin su Richard Trevithick suka samu sarari, daga aikinsu jirgin ƙasa ya fito.

A shekarar ce Watt ya yi ritaya da wadata, ya koma ɗakin saman gidansa na Heathfield yana ƙera na'urar kwaikwayon sassaƙa. Ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1819, yana da shekara 83, aka binne shi a cocin St Mary da ke Handsworth, kusa da Boulton. A 1882 masana kimiyya na Birtaniya suka raɗa wa ma'aunin ƙarfi sunansa, shi ne wat ɗin da ke jikin ƙwan lantarki da megawat ɗin da ake lissafin wutar ƙasa da shi. Ɗan ƙaramin injin da aka kawo masa gyara yana nan a gidan tarihi na Hunterian, a Jami'ar Glasgow.